Kibiyoyin Nasiru a Ƙofar Bawa

Yaya Habibu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, ina iyali, ya zaman Yamai? Mu a Moshi Zango sai godiya.

An fasa wa ɗanka Nasiru kai. Takardarsa ta lissafin bekta, kibiyoyin nan masu nuna ƙarfi da inda ya dosa, ta faɗi a ƙofar maƙwabcinmu Bawa makanike. Da ya ga kibiyoyi da lambobi a jere, sai ya ce jifa ne aka yi masa. Ya rafka wa yaron sifana, jini har ƙirji. Ni kuwa na fasa wa Bawa baki da muciya.

Nasiru na samun sauƙi, amma Bawa ya ƙone takardar, ga jarrabawa Litinin.

Gaida Anti Hajara. Ku yi mini addu'a, don ban huce ba, muciyar tana nan bayan ƙofa.

Ƙanwarka,
Saude