Itacen da Salisu Yake Nema wa Suna

Zuwa ga uwar Salisu,

Assalamu alaiki. Ina fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Ko kina raye ma ba ke za ki karanta ta ba, ni zan karanta miki, kina tsinkar ganye kina cewa in rage sauri. Amma shekara huɗu ke nan da tafiyarki, ban sami wanda zai zauna ya ji labarina har ƙarshe ba.

Bana ma ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Sojoji na raba jar dawa a Mayahi. Ƙafata ba ta kai ni can, matar maƙwabcinmu Mati ce ke karɓo mini, ta dama mini kunu. Baƙar akuyarki ta mutu, amma ɗiyarta ta haifi biyu, duk suna tsaye.

Babban labarin na autanki ne. Salisu yana nan can kurmi, inda ruwa ba ya yankewa, yana aiki da masanan itatuwa. Ya aiko takarda da busasshen ganye guda a tsakanin jarida. Ya ce ya gano wani itace da babu shi cikin littattafansu. Shekaru da yawa masana na haɗa shi da wani ɗan'uwansa, don ganyensu ɗaya ne a ido. Mafarautan wurin sun daɗe da sanin ba ɗaya ba ne, sai dai ba wanda ya tambaye su.

Bari in kwatanta miki shi yadda ya rubuta. Tsawonsa ya ninka gawon gonarmu sau uku. Saiwoyinsa sun taso daga ƙasa kamar katanga, mutum ya tsaya bayansu ba a gan shi ba. Furensa farare ne ƙanana, kuma a jikin gindin suke fitowa, ba a reshe ba. Kin taɓa jin haka? Ganyen yana hannuna yanzu, ya kai daga yatsata zuwa gwiwar hannu, samansa sumul, ƙasansa da gashi mai laushi.

Kin san yadda ya raba su? Ya kankare ɓawon da farce ya sansana. Na ɗan'uwan yana warin tafarnuwa, wannan yana ƙanshin kanumfari, ruwansa kuma yakan koma ja in ya sha iska. Ya ce a wurinki ya koya.

A nan ne nake da abin faɗa. Kin tuna farin da ya gabaci hawan sojoji, lokacin ina malamin lakwal, makarantar boko? Kullum kina fita daji da yaron nan, ku dawo da jiga da ƴaƴan anza, ki jiƙa su kwanaki har ɗacin ya fita. Ke kika nuna masa wanda ake ci da wanda ke kisa, da farce da hanci da bakin harshe. Ni kuwa na hana ki bi ta gaban lakwal da ɗaurin ganye a ka, don kada a ce matar malami na kiwon daji. Ranar da na iske ganyaye cikin kayensa na karatu, na mare shi, na ce aikin jahilai ne. Da maraice na zauna na ci abin da kika dafa. Me ya hana ni cewa sannu? Ki yafe mini.

Yanzu an ce wanda ya gano itace shi ke raɗa masa suna, kuma sunan ba ya gogewa. Salisu yana so ya sa naki, amma bai san shi ba. Ina zai sani? Sunanki ɗaya da na mahaifiyata, don haka tun ranar da aka kawo ki daga Kona ba a sake kiransa a gidanmu ba. Dangina sun ce Amarya, yara sun ce Inna, ni ina cewa ke. Danginki kuma yunwa ta watsa su. A duniya ni kaɗai na rage da shi.

Sati uku ina riƙe da alƙalami, kunya na hana ni. Na tambayi liman, ya ce babu laifi, har ya yi mini dariya. Sai tari ya kwantar da ni kwana biyar, na ga cewa in na tafi, da sunan zan tafi. Ranar da na iya zama, na rubuta shi da manyan baƙaƙe. Direban motar Tasawa ya kai takardar gidan waya jiya.

Salisu ya ce za su ƙara masa ƴar jela ta Latin, harshen da ake sa wa itatuwa suna da shi. Kada ki damu, tsakiyarsa naki ne. Ya kuma ce zai zo bayan sun gama rubutun, ya nuna mini a littafi. Ina shan kunun matar Mati har in suɗe kwano, don in kai lokacin.

Sai mun sadu, Safiya. Ga shi na faɗa da bakina, kuma ba abin da ya faɗo mini.

Mijinki,
Malam Garba, tsohon malamin lakwal