An Je Zugu Neman Llahi

Baba Haladu mai filin shawara, don Allah ka taimake ni, abin duniya ya ishe ni. Sati uku ke nan ko tuwo ba ya mini daɗi, har Inna ta fara jiƙa mini sassaƙe, tana zaton shawara ce ta kama ni.

Ni mutumin Anka ne, ina aiki a Gummi, a wani ofishin kula da lafiyar dabbobi. Bara aka kawo mana kwamfuta, kuma ni kaɗai na iya ta, don na ɗan koyi wani harshenta da ake kira C. Da za a yi allurar ciwon huhu, manajanmu ya sa na rubuta furogiram da zai riƙa karanto sunayen makiyaya daga faifai, layi bayan layi, kowane layi da suna da gari da yawan shanu, ya fitar wa masu allura takardar inda za su.

Ita kwamfuta ba ta da hankalin kanta. Sai ka yanka mata yawan haruffan da za ta ɗebo a kowane layi, kamar ka ba mutum mudu. In layin ya fi mudun, ta tsaya inda ya cika, ragowar kuma ta ɗauke shi sabon layi. Ni da wayona na ce wane suna ne zai wuce haruffa arba'in? Na yanka arba'in, ban gaya wa kowa ba.

Mai buga sunayen shi ne Malam Shitu, tsohon akawunmu, shekararsa ashirin da shida yana buga tafireta. Shi kuwa ko za a yanka shi ba ya gutsure sunan babba. Da ya zo kan wani ardo sai ya buga shi cif: Ardo Alhaji Modibbo Namadi ɗan Ardo Abdullahi, Zugu, 112. Arba'in ɗina ta cika a tsakiyar Abdullahi. Kashin farko ya fito ba gari ba shanu, furogiram ya watsar da shi. Na biyu ya fito wai llahi, Zugu, 112.

Masu allura suka je kasuwar Zugu suna cigiyar wani Llahi, aka yi ta yi musu dariya, suka wuce gaba. Da ciwon ya shigo, Ardo ya rasa shanu goma sha tara.

Ardo ya kawo kuka. Manaja ya ga takardar, ya ce Malam Shitu ne ya buga sunan banza, tsufa ya kama shi, ƙarshen wata za a sallame shi. Ina tsaye a wurin, na yi gum. Washegari na buɗe faifan na ga dattijon nan ko harafi ɗaya bai kuskure ba. Baba, mutumin nan shi ya ba ni ɗaki a gidansa da na zo Gummi ban san kowa ba. Jiya ma ya ce in yafe masa, wai ya ɓata mini aikin injina. Kunya ta kusa kashe ni.

Amma an sa sunana cikin masu zuwa kwas Kaduna. In na yi magana kwas ya tafi, ƙila har da aikin, a ce dama 'yan ƙauye ba su iya ba. In na gyara furogiram ɗin a ɓoye ba wanda zai taɓa sani. Yaya zan yi?

Naka cikin damuwa,
Wani ma'aikaci, Gummi

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu. Ni ban san kwamfuta ba, amma damuwarka ba ta kwamfuta ba ce.

Ka raba abu biyu. Mutuwar shanun Ardo kuskure ne, ba da gangan ka yi ba, kuma ba wanda zai rantse allurar za ta tsirar da su duka. Tsoronka ma ban raina shi ba, aiki ba a tsintarsa a hanya, kuma ba zan yi maka alkawarin kwas ɗin zai tsira ba. Shirun da ka yi kuwa kai ka zaɓe shi, kuma kowace safiya kana sake zaɓarsa. Malam Shitu ladabi ya yi, ba a korar mutum don ya girmama dattijo.

Yau ɗin nan ka bi faifan layi-layi, don ƙila akwai wani mai dogon suna da har yanzu shanunsa ke jiran allura. Na tambayi wani masani a nan, ya ce ka sa furogiram ya riƙa duba alamar ƙarshen layi, in bai gan ta ba ya ci gaba da karatu ko ya yi gargaɗi. Ka gyara, sannan ka shiga wurin manaja da laifin da gyaran tare, a rubuce. Shugaba mai hankali ba ya saurin rabuwa da wanda ya tona kansa. Daga baya ka nemi a je rugar Ardo da kai, a ba shi haƙuri, a duba sauran garken.

Amma kafin manaja, ka fara durƙusawa gaban Malam Shitu. Korar ba ita ce mafi ciwo ba. Dattijon nan ya riga ya yarda hannunsa da idonsa sun gaza, kuma a duk Gummi kai kaɗai ka san ba su gaza ba. Kada ka bari ya ƙara kwana ɗaya da wannan zato.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya mayar wa Ardo da alheri.

Baba Haladu