Jan Ƙyalle Uku a Mararraba

Litinin, 11 ga Agusta

Auta ta dawo da la'asar, laka har wuya, gwiwa a ƙuje. Kwana uku ke nan tana hawa tudu da keke tana ɗaura ƙyalle a jikin bishiyoyi. Wai ƙungiyar masu keke ce ta ba ta aikin. Ranar Asabar mutum arba'in za su zo daga birni su bi hanyoyin tsakuwar nan na cikin daji, ita ce mai yi musu alamar hanya. Na ce mutum da hankalinsa ya baro kwalta ya zo neman duwatsu? Ta ce Umma ba za ki gane ba. Na gane sarai. Ni na yi jinyar kafaɗarta bara, wata biyu ina yi mata wanka kamar jaririya. Na ce Allah ya sa a yi ruwa a fasa. Ta tashi ta shige ɗaki. Ni ma ban ji daɗin bakina ba, amma na riga na faɗa.

Laraba, 13 ga Agusta

Itace ya ƙare, babansu kuma yana can da motar katako sai Lahadi. Ni na hau tudu. Ina dawowa igiya ta tsinke mini daidai mararraba, itace ya watse. Allah ya taimake ni na ga jan ƙyalle guda uku a reshe, dogaye masu ƙwari. Na Auta rawaya ne, na gani a jakarta. Waɗannan na masu yankan katako ne, su ma suna ɗaurawa su manta. Na kwance na ɗaure kayana. Gwiwar nan tawa ta dame ni.

Alhamis, 14 ga Agusta

Innalillahi.

Muna cin abinci take ba ni labari. Rawaya wai bi nan. Ja guda uku wai kar ka kuskura. Ta ce a mararraba kaɗai ta sa ja, don hanya ɗaya ruwa ya cinye ta bayan an sha kwana, rami ne da ya fi tsayin ɗakin nan. Kuma ita ce mai faɗi, ita ce mai gangara, ido can yake fara zuwa. Mai keke in ya sako da gudu ba zai ga ramin ba sai yana ciki.

Ƙyallayen suna bayan kicin, ɗaure da itacena, taku biyar daga inda take zaune.

Na buɗe baki zan faɗa. Sai ta ce, ai duk wanda ya taɓa mini su mugu ne Umma, da gangan ne. To ni da na ce Allah ya sa a fasa? Wa zai yarda ba da gangan na yi ba? Na rufe bakina. Gobe da sassafe na mayar, ba wanda zai sani.

Juma'a, 15 ga Agusta

Ruwa tun asuba kamar da bakin ƙwarya. Addu'ata ce ta ci, ga shi ta ci ni. Auta ta tafi birni tarbar mutanenta, can za ta kwana gidan yayarta. Wai gobe rana za a yi, ba fashi.

Na gwada fita da azahar. Rafin bayan gida ya cika, na tsaya ina kallonsa na dawo.

Na kira ta da yamma na ce yau sai na faɗa. Hayaniya a bayanta. Ta ce Umma zan kira ki. Ba ta kira ba. Na sake har sau huɗu, a kashe. Wayar babansu kuma ba sabis.

Na wanke ƙyallayen na shanya a ɗaki. Ban san me ya sa na wanke su ba.

Asabar, 16 ga Agusta



Ina idar da sallar asuba na fita. Rafi ya ja baya, na ƙetare ruwa har cinya. Tudun da nake hawa cikin awa ɗaya sai da na yi kusan biyu, santsi, ga gwiwa. Na isa mararraba na tsaya turus. Bishiya biyu ne iri ɗaya, ɗaya a bakin hanyar hagu, ɗaya a bakin ta dama. Wallahi na rasa daga wacce na kwance. Ranar itacena nake kallo, ba bishiya ba. Duka hanyoyin kuma faɗi da gangara ɗaya na gani, ni ba idon mai keke ne da ni ba. In na ɗaura a inda ba nan ba, ni da hannuna na tura su ramin.

Na ce bari in je in gani da idona. Na bi ta hagu. Na sha kwana ɗaya, na sha ta biyu, sai ga hanya babu. Kamar an yanka da wuƙa. Ruwa yana ta wucewa can ƙasa. Na juyo.

Ina hawowa na ji usur daga sama, da ƙarar taya a kan tsakuwa. Ban san na iya gudu ba. Na iso babu lokacin ƙulli. Na tsaya tsakiyar hanyar hagu na ware hannu, ƙyalle a kowane, ina ihu ba nan ba! Ba nan ba!

Na gaba wani ƙaton mutum ne mai furfura a gemu. Ya danne burki, keken ya zame, ya faɗi a gabana, tsakuwa ta watso mini a ƙafa. Na bayansa suka karkata dama ɗaya bayan ɗaya. Ya tashi yana duba gwiwar hannunsa, jini. Ya ce Mama lafiya? Na ce rami. Kalmar da ta fito ke nan.

Auta ce ta ƙarshe, ita ke koro na baya. Ta tsaya. Umma me kike yi a nan? Sai ta kalli hannuna. Ta kalli bishiyar. Ta sake kallon hannuna. Ta karɓa, ta taka keken ta ɗaura su can sama inda hannuna ba zai kai ba. Ta bi mutanenta.

Lahadi, 17 ga Agusta

Sai yau ta yi magana. Ina wanke-wanke ta tsaya a kaina. Umma, tsakaninki da Allah, da gangan ne?

Na ce igiyata ce ta tsinke. Na ce na zaci na masu katako ne. Ta ce to Alhamis fa, me ya hana ki faɗa? Na ce tsoronki na ji. Ta ce ni? Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, wai da na makara minti biyu fa, ko kuma da mutumin bai kama burki ba ya bi ta kaina.

Babansu ya dawo ya ji labari. Wai ashe ɗan sandan hanya ya aura bai sani ba. Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Laraba, 20 ga Agusta

Tsohon jan zanena dama ya koɗe, ba na ɗaurawa. Na yayyanka shi, na kalmashe baki da keken ɗinki don kar ya zare. Goma sha biyu suka fito. Na ɗinka farin zare a tsakiyar kowane, don mai neman abin ɗaure itace ya san da mai shi.

Ba wai na yarda da abin keken nan ba ne. Na ajiye mata a kan hular kwanonta. Ta gani, ta sa a jaka, ta ce wata mai zuwa akwai wata hanyar ta bayan tudu.

Na ce akwai rami? Ta ce biyu.

Na ce to ki nuna mini inda suke.