Rasuwar Malam Sharhabilu da Ƙuri'ar da Aka Buɗe a Kanta

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Kunnen Jama'a ta Batsari da Safana, a ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Umar Faruk Nu'uman, ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, kuma Shugaban Sashenta na Auna Ra'ayin Jama'a a Kafafen Sada Zumunta, Malam Sharhabilu Ashafa Wagini, wanda Allah ya karɓi abinsa ranar Talata da la'asar a asibiti a Batsari, bayan hawan jinin da ya daɗe yana fama da shi ya kayar da shi daga kan babur a hanyarsa ta dawowa daga Darini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa sutura a Wagini kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Ya bar mahaifiyarsa, Hajiya Hansai, da mai ɗakinsa, Malama Mahfuza, da 'ya'ya da 'yan'uwa.

Marigayin shi ne ya ɗora wa wannan ƙungiya harsashin aikin da aka san ta da shi, wato bibiyar abin da mutanenmu ke faɗa a Fesbuk da zaurukan Watsaf game da labaran da ke tashe, daga tsadar taki zuwa matsalar tsaro, domin a isar wa mahukunta ainihin abin da ke ran talaka. Mutum ne mai haƙurin da ya kan gajiyar da abokan aikinsa. Ya kan zauna ya saurari saƙonnin murya ɗaya bayan ɗaya, har da doguwar gaisuwar da ke gabansu, domin a cewarsa manomin Wagini ba ya rubutu, magana yake yi, kuma ba ya shiga zance sai ya tambayi lafiyar iyali da ta dabbobi. Bai taɓa yarda a fitar da sakamako ba sai ya zaga kasuwar Batsari ya ji ta bakin waɗanda ba su da waya, sannan ya hau babur ya leƙa ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Ya sha tuna mana cewa akwai yaro ɗaya mai shafi biyar, akwai kuma waya ɗaya da unguwa guda ke magana ta cikinta. Irin wannan zagayen ne ya kai shi Darini ranar da ajali ya same shi.

Mun so a ce a nan wannan saƙo ya tsaya, mu yi addu'a mu rufe. Amma an hana mu. Waɗanda suka tarar da Malam Sharhabilu kwance a bakin hanya su ne Ardo Sammani, shugaban rugar da ke kusa da Darini kuma aminin marigayin, tare da 'ya'yansa. Su suka ɗauke shi, su suka kai shi asibiti, Ardo na riƙe da kansa a cinya. Wani mai wucewa, maimakon ya kama musu, sai ya zaro waya ya ɗauki hoto. Kafin a fito da gawa, wani shafi da ba za mu ambaci sunansa mu ƙara masa kasuwa ba ya manna hoton ya buɗe ƙuri'a, wai jama'a su zaɓi abin da ya kashe shi: ciwo, ko haɗari, ko mutanen da ke cikin hoton. Mafi rinjaye suka zaɓi na ƙarshe. Har da wasu 'ya'yan wannan ƙungiya, waɗanda marigayin ya koyar da bakinsa, suka danna suka tura gaba, wai suna auna ra'ayin jama'a. Mun ji kunya, kuma ranmu ya ɓaci matuƙa.

Muna shaida wa jama'a, da babbar murya, cewa ana auna ra'ayi a kan farashin taki, ana auna shi a kan gyaran hanya, amma ba a jefa ƙuri'a a kan abin da ya kashe mutum. Likita ya faɗa, iyalinsa da suka san maganin da yake sha sun faɗa, Liman da dattawan da suka yi masa wanka ba su ga komai a jikinsa ba sai ƙujewar faɗuwa. Wanda ke kwance a ɗakinsa a Katsina ko Abuja yana danna waya bai fi su sani ba, ko da masu dannawar dubu nawa ne. A wannan yanki da kowa ya san abin da jita-jita ke haifarwa, wannan ba wasan yara ba ne. Tun daga wannan ranar, matan rugar ba su sake kawo nono kasuwa ba, kuma Ardo Sammani, wanda ya ɗauki amininsa da hannunsa, bai samu ya sallaci gawarsa ba, domin an aika masa cewa matasa na jiransa a hanya.

Saboda haka ƙungiya na kira ga masu shafin da su sauke ƙuri'ar da hoton ba tare da ɓata lokaci ba, ta kuma dakatar da 'ya'yanta da suka yaɗa su har sai sun je ruga sun nemi gafara baki da baki, ba ta waya ba. Muna roƙon Masu Girma Hakimai da Dagatai da Masu Unguwanni da Limamanmu na Batsari da Safana da su ja kunnen matasa.

Ga Hajiya Hansai da Malama Mahfuza da marayu da ɗaukacin zuri'ar mahaifinsa, Marigayi Malam Ashafa, muna miƙa ta'aziyyarmu, muna roƙon Allah ya jiƙan Malam Sharhabilu, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, ya ba ku haƙurin jure wannan babban rashi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Da Shugaban ƙungiya ya je gaisuwa, Hajiya Hansai ta ba shi saƙo, ta ce a faɗa yadda ta faɗa: "Ku gaya musu ba za a shafa fatihar uku ba sai Ardo na zaune a kan tabarma. Shi ya riƙe mini yaro, ni ban samu na riƙe shi ba." Don haka gobe Juma'a da hantsi, in Allah ya kai mu, Shugaba da sauran shugabannin ƙungiya za su tafi ruga da kansu su taho da Ardo Sammani har Wagini, su zaunar da shi a sahun 'yan'uwa masu karɓar gaisuwa. A kan wannan ba mu tambayi ra'ayin kowa ba, kuma ba za mu tambaya ba.

Sa hannu:
Kwamared Zainulabideen Abdurrahim Safana
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Kunnen Jama'a ta Batsari da Safana