Fluga Ba Ta Da Tikitin Dawowa

Skagafjörður, Iceland
Farkon watan Mayu

Ƙanena Hjalti,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Yaya Denmark, yaya aikin da kullum yake cinye maka hutu? Ka gaishe min da Mette, ka sumbaci 'yarka Birta a goshi. Mu nan lafiya, in ban da ƙugun Baba.

Ina ajiye jaka ya tare ni da, "To Farfesa, kin zo ki koya wa dawaki tarihinsu?" Ka san littafin hotunan da nake haɗawa a kan dawakinmu. Na ce masa editana ya kira su ƙananan kuru. Ya ce in kawo editan, goɗiyarsa Fluga ta yi sukuwa da shi zuwa bakin kogi, sai a sake shawara.

Kafin in taho na shafe hunturu ina tonon tsofaffin hotuna a gidan tarihi. Ka san me na gani? Doki a tsakiya, geza ta rufe masa ido, a gefe kuma hannun mutum riƙe da ragama. Hannu kawai. Haka na Kaka yake, haka na Baba. Jiya na roƙe shi ya matso kusa da goɗiyar, ya ce, "Wa zai sayi littafi don ya ga hancina?"

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Likita ya hana shi hawa, kwata-kwata. Kuma Birta ta ce masa a waya tana son doki. Sai ya ce zai sa Fluga a jirgi ƙarshen Yuni, a kai mata.

Hjalti, ka daɗe a waje amma ba ka manta dokar ba: dokin da ya bar tsibirin nan ba ya dawowa har abada, don gudun cuta. Na tuna masa. Ya ci gaba da shafa man shanu a busasshen kifinsa, ya ce, "Na sani. Tunda yarinyar ba ta zuwa, ai sai doki ya je."

Wannan goɗiyar ce ke tashinsa da safe tun rasuwar Inna. Ita yake yi wa faɗa, ita yake ba labarin farashin ciyawa. In ta tafi, ban san wa zai tashi dominsa ba. Ni ba ya jin maganata, ya ce boko ya cika min kunne. Ka kira shi ka hana. In da hali, ka ɗauko yarinyar nan ku zo.

Yayarka,
Arndís

*

Ƙarshen watan Mayu

Hjalti,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da mutanen gida. Saƙonka ya iso, kuma na gode. Da na gaya wa Baba kun yanki tikiti, ya taɓe baki ya ce, "Yanzu sai na soke jirgin ke nan. Ku 'ya'yan zamani ba ku san wahalar shiri ba." Sannan ya ƙara romon rago har sau biyu.

Shekaranjiya na haɗu da likitar dabbobi a kanti. Na ce mata ta yi haƙuri, gwajin lafiyar da za ta yi wa Fluga kafin a fitar da ita ya fasu. Ta dube ni ta ce, "Wane gwaji?"

Na dawo na shiga barga. Ga ƙaramin sirdin da muka koyi hawa da shi a rataye, an shafe shi da mai, an ɗinke majayinsa, an rage tsawon likkafa daidai ƙafar 'yar shekara tara. Man ya riga ya bushe, ƙura ma ta fara hawa. Tun kafin in zo aka yi aikin. Digirina biyu, kai kana da naka, tsohon nan ya ja mu da ragama ɗaya.

Ban ce masa komai ba, kai ma kada ka ce. Sai dai ka bar takalman hawan Birta a can, ka san ba za a bar su su shigo haka ba saboda gudun cuta. Nawa na yarinta suna nan, su ma na same su a goge.

Yau da zan tafi na sake gwada sa'ata. Fluga na taƙamarta a cikin shinge, irin tafiyar da mahayi zai riƙe kofin gahawa ko ɗigo bai zuba ba. Na ce, "Baba, hoto ɗaya tak, da fuskarka."

Ya ce, "Bari mai ita ta zo. Ta riƙe ragama, ni in tsaya a baya. In hancina ya shiga, ba laifina ba ne."

Ya kira goɗiyar, ta bi shi ciki. Ya leƙo ya ce, "Farfesa, sanyi kike shigo mana da shi," ya ja ƙofar bargar. Na jiyo shi yana yi mata dariya ƙasa-ƙasa, na shiga mota na kama hanyar Reykjavík.

Zan tarye ku a filin jirgi. Ku zo da rigunan sanyi, Yunin nan namu ka san halinsa.

Yayarka mai ƙaunarka,
Arndís