Ramar da Kika Gani a Hoto

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya yara?

Kar ramata ta tayar miki da hankali. Likita ta ce sukarina ya hau, irin na Baba, shi ya sa nake cin abinci daga azahar zuwa magariba kawai, sauran lokacin sai ruwa. Sukarin ya sauka, alhamdu lillahi. Sau ɗaya jiri ya kayar da ni ina guga a wurin aiki. Mai shagon ta ce, "Kika sake faɗuwa, ki yi zamanki a gida." Don Allah kar Inna ta ji.

Yunwar da sauƙi, Yaya. Wuyar ita ce lokacin ci ya yi, in zauna ni kaɗai, ba mai ce min in ƙara.

A sa ni a addu'a.

Ƙanwarki