Gwajin Turbo a Hanyar Wusasa

Talata, bayan isha'i.

Gardamarmu da Sani a gareji ce ta jawo. Shi ya ce a cikin na'urorin ƙara wa inji ƙarfi sufacaja ta fi, tunda bel ke juya ta, kana taka totur take amsawa. Ni na kafe kan turbo, mai jiran hayaƙin inji ya taru sannan ta fizga.

Da la'asar na ɗauki Baba zuwa asibiti a motar da muka gyara wa turbo. Hanyar Wusasa ta buɗe, na taka don in gwada. Shiru, can ta fizge mu. Baba ya dafe inda aka yi masa aiki, yana salati.

Bai yi faɗa ba. A ƙofar gida ya ce, "Gobe zan bi motar haya, Auwalu."

Da ma marina ya yi.